Muhawara: Me ya ɓata wa Annabi Yunusa rai da aka ji tausayin Nineba?

ƊanTsauni
Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Daren jiya muna karatun iyali muka kai sura ta 4 ta Littafin Yunusa, sai 'yata mai shekara 12 ta ɗaga kai ta ce, "Baba, ya yi wa'azi, gari guda ya tuba, to me ya sa yake roƙon Allah ya ɗauki ransa?" Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ba ni da amsar da ni kaina zan yarda da ita. A makarantar Lahadi an cika mana kunne da labarin kifi da kwana uku da dare uku, amma ban tuna ranar da aka tsaya aka yi mana bayanin mutumin da ya fita gabashin Nineba, ya kafa 'yar bukka, ya zauna yana jiran ya ga abin da zai sami birnin ba. Duk mai wa'azin da na sani kukansa shi ne ba a saurare shi ba, wannan kuwa kukansa shi ne an saurare shi. Mene ne ainihin abin da ya ɓata masa rai? In faɗi ra'ayina tun da wuri domin a san inda na tsaya: ina ganin mun cika saurin ɗora masa laifi, alhali yana da hujjar da ba ta da sauƙin turewa.

MamanRifkatu
Ɗan'uwa, ni ban ga wata hujja ba, son kai ne tsagwaronsa. An aike shi gabas, ya gangara Yafa ya biya kuɗin jirgi ya nufi Tarshish a yamma, ya kusa jawo wa matuƙan jirgin da ba su ji ba ba su gani ba halaka. Duk da haka aka cece shi, kuma a cikin kifin ya yi addu'a mai daɗi ya rufe ta da cewa ceto na Ubangiji ne. Da jinƙai ya sauka a kansa ya kira shi ceto, da ya sauka a kan wasu sai ya zama abin fushi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Tsohon_Malami
Mama, maganarki tana kan hanya, amma kafin mu yanke masa hukunci ya kamata mu san su wane ne aka aike shi wurinsu. Nineba birnin Assuriyawa ne, kangonsa yana gabashin Kogin Dijla, daura da tsohon garin Mosul a ƙasar Iraƙi ta yau. Na koyar da tarihi shekaru da dama, kuma ban san wata daula ta zamanin da wadda ta yi alfahari da azabtar da mutane a rubuce kamar wannan ba. A gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai allunan dutse da aka ciro daga fadar Sarki Sennakerib a Nineba, waɗanda suka zana yadda ya ci garin Lakish na Yahuza a shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu. A jikinsu ana ganin mutanen da aka tsire a kan itace da waɗanda ake feɗe wa fata. Waɗannan mutane ne kuma suka rushe Samariya a shekara ta 722, suka kwashe Isra'ilawan arewa, wato dangin Yunusa na jini, suka warwatsa su. Saboda haka idan an ce ya je ya yi musu gargaɗi domin su tsira, daidai yake da a ce wa mutum ya je ya wasa wuƙar da za a yanka jikokinsa da ita.

Luka_Mai_Bincike
Baba Malam, da girmamawa, akwai ɗan gyara a lissafin shekaru. Littafin 2 Sarakuna 14:25 ya nuna Yunusa ɗan Amittai, mutumin Gat-hefer, ya yi annabci a zamanin Yerobowam na biyu, sarkin Isra'ila, wanda ya yi sarauta shekara 41 a farkon rabin ƙarni na 8. Faɗuwar Samariya da yaƙin Lakish duk sun zo ne bayan wannan zamani. A lokacin ma Nineba ba ita ce fadar mulkin Assuriya ba, Kalhu ce, sai da Sennakerib ya hau gadon sarauta a 705 ya mai da fada Nineba. Ta yaya zai yi fushi saboda abin da bai riga ya faru ba?

Tsohon_Malami
Na karɓi gyara, ɗana, kuma na ji daɗi da akwai mai bin lissafi. Amma ba sai an jira Sennakerib ba. Sarkin Assuriya Ashurnasirfal na biyu, wanda ya yi mulki daga 883 zuwa 859, ya riga ya sa an rubuta yadda yake feɗe fatar shugabannin da suka yi masa tawaye yana rataye ta a bainar jama'a. Akwai kuma baƙin ginshiƙin dutse na Shalmanesar na uku da ke nuna harajin da Sarki Yehu na Isra'ila ya kai wa Assuriya wajen shekara ta 841, Yehu kuwa kakan mahaifin Yerobowam ne. Ke nan gidan sarautar da Yunusa ya yi wa annabci ya riga ya durƙusa wa waɗannan mutane. Ban da haka, masana da yawa suna ganin an rubuta littafin ne bayan bauta a Babila, domin akwai alamun Aramiyanci a harshensa. In haka ne, masu sauraronsa na farko sun san Samariya, sun san Lakish, kuma da aka karanta musu cewa Allah ya fasa hallaka Nineba, na tabbata ba kowa ne ya ce amin ba.

Almajirin_Ibrananci
Ina so in ƙara wani abu daga harshen asali, domin fassara takan ɓoye shi. Akwai kalma ɗaya, "ra'a", wadda take nufin mugunta, take kuma nufin masifa ko ɓacin rai. A 3:10 mutanen Nineba sun juyo daga ra'arsu, sai Allah ya janye ra'ar da ya ce zai aukar musu. Aya ta gaba, wato 4:1, ta ce abin ya zama wa Yunusa babbar ra'a. Muguntar ta bar birnin, masifar ta bar hukuncin Allah, sai kalmar ta koma ta sauka a kan annabin shi kaɗai.

Abu na biyu ya fi muhimmanci ga tambayar ƊanTsauni. Yunusa bai bar mu muna zato ba, ya faɗi dalilinsa da bakinsa a 4:2, inda ya ce tun yana ƙasarsu ya san haka za ta faru, shi ya sa ya gudu, domin ya san Allah mai alheri ne, mai jinƙai, mai jinkirin fushi, mai yawan ƙauna. Waɗannan kalmomi daga Fitowa 34:6 suke, inda Ubangiji ya bayyana kansa ga Musa. Sai dai a Fitowa jerin ya ƙare da "ƙauna da gaskiya", kuma aya ta 7 ta ce ba zai kuɓutar da mai laifi ba. A bakin Yunusa babu kalmar gaskiya, wato "emet", kuma a gurbinta ya sa cewa Allah mai fasa aukar da masifa ne, kamar yadda yake a Yowel 2:13. Sunan mahaifinsa kuwa, Amittai, daga wannan tushe na "emet" ya fito. Ɗan Gaskiya ne yake tsaye yana karanto sunayen Allah a matsayin ƙara, yana cewa alherin ya yi yawa har ya cinye gaskiya. Wannan ba maganar jahili ba ce, maganar wanda ya san Allah sosai ce, kuma abin da ya sani ɗin ne ya hana shi barci.

Fasto_Mai_Ritaya
'Ya'yana, akwai tsohon bayani da ban ga an ambata ba. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce idan annabi ya faɗi magana da sunan Ubangiji ba ta cika ba, to ba Ubangiji ne ya faɗe ta ba. Yunusa ya shiga birni ya ce saura kwana 40 a kifar da Nineba, bai ƙara "sai dai in kun tuba" ba. Kwana 40 suka wuce, birni yana tsaye. Malaman Yahudawa na da sun ce abin da ya ji tsoro ke nan, kada a kira shi annabin ƙarya. Wanda bai taɓa tsayawa a bagade ya faɗi magana da ƙarfi, sannan ya ga al'amari ya tafi wata hanya ba, ba zai san nauyin wannan kunya ba.

MamanRifkatu
Baba Fasto, in haka ne ai laifin ya ƙaru, bai ragu ba. Mutuncinsa a wurinsa ya fi ran mutanen Nineba sama da 120,000 ke nan. Kuma Irmiya 18:7-8 ya bayyana sarai cewa idan Allah ya yi maganar tumɓuke wata al'umma, ta kuwa juyo daga muguntarta, zai fasa. In da hallaka kawai ake nufi, me za a yi da kwana 40? Saduma ba a aika mata mai shela ya ba ta wa'adi ba.

Almajirin_Ibrananci
Tun da Mama ta ambaci Saduma, kalmar da Yunusa ya yi amfani da ita ta "kifarwa" ita ce aka yi amfani da ita a Farawa 19:25 game da Saduma, amma tana kuma iya nufin juyewa ko sākewa. Wa'azin nasa duka kalma 5 ne a Ibrananci. Shi ya nufi kifarwa, mutanen suka juye, maganar ta cika ta hanyar da mai faɗinta bai so ba.

Gwaggo_Ladi
Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a wannan zaure ban taɓa sa baki ba, yau ma jikata ce take rubuta mini. Ni daga arewa maso gabas nake. Da dare aka shigo ƙauyenmu, aka ƙone majami'a da rumbuna, aka kashe ɗana na biyu a ƙofar gida, matarsa tana da ciki wata bakwai. Mun yi shekaru a sansani muna bin layin awo. Wata rana a kasuwar garin da muke zaune na ga wani saurayi a rumfa yana ɗinki da sabon keke, na gane shi, domin ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ne, kuma yana cikin waɗanda suka zo a daren nan. Aka ce mini ya tuba an dawo da shi, har an koya masa sana'a. Na tsaya ƙafafuna suna rawa, na koma gida ban sayi abin da na je saya ba, na kwana uku ban iya yin addu'a ba.

Saboda haka, 'yata MamanRifkatu, da kika ce son kai ne, ban ji haushinki ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ban roƙi Allah ya ɗauki raina ba, amma na gane mutumin da ya roƙa. Abin da ya fi ci mini rai ba wai yaron yana raye ba ne. Tunanin cewa wataƙila tubansa na gaskiya ne, wataƙila Allah ya karɓa, wataƙila ran ƙarshe a zaunar da shi kusa da ɗana, shi ne abin da na kasa haɗiyewa. Ana karanta mini sura ta 4, ina jin kamar ni ce a bukkar nan.

MamanRifkatu
Gwaggo, ki gafarce ni. Na yi magana daga inuwa. Allah ya ta'azantar da ke.

Lauya_Bulus
Gwaggo, Ubangiji ya ba ki ƙarfi. Ina so in raba abu biyu da muke yawan cakuɗawa tun da aka fara shirin karɓar tubabbun mayaƙa a ƙasar nan a 2016, domin na sha jin ana jawo labarin Nineba a rufe bakin waɗanda aka zalunta da shi. Gafarar Allah dabam, hukuncin hukuma dabam. Allah yana ganin zuciya, hukuma ba ta gani, kuma littafin bai ce Allah ya ji maganganunsu ba, ya ce ya ga ayyukansu. Umarnin da sarkin Nineba ya bayar a 3:8 bai tsaya kan azumi da tsummoki ba, ya ce kowa ya bar muguwar hanyarsa da zaluncin da ke hannunsa. Malaman Yahudawa sun fahimci wannan da cewa har kayan ƙwace aka mayar wa masu su. Tuban da bai mayar da komai ba, bai kuma fuskanci wanda aka cuta ba, ba shi ne aka ba da labarinsa a nan ba. Ba daidai ba ne a ce wa gwauruwa ko uwar da aka kashe wa ɗa "kada ki zama Yunusa" alhali ba wanda ya zo ya durƙusa a gabanta.

Mai_Kula_Da_Zaure
Mun gode, Lauya. Ina roƙon masu zuwa a baya kada mu karkata zuwa siyasar shirin gwamnati, mu tsaya a kan littafin da tambayar da aka yi.

Baƙon_Zaure
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, abokin aikina ne ya sa ni a wannan zaure, kuma ina neman izini in faɗi yadda muke karanta wannan ƙissa. Gwaggo, Allah ya ba ki haƙuri. Alƙur'ani ya ambaci fushin Annabi Yunus, alaihis salam, a Suratul Anbiya aya ta 87, inda aka kira shi Zun-Nun, wato ma'abocin kifi, aka ce ya tafi yana mai fushi. Amma mafi yawan malaman tafsiri sun ce da mutanensa ya yi fushi saboda taurin kansu, ya bar su kafin a ba shi izini, ba da rahamar Allah ba, domin a aƙidarmu ba ya dacewa da annabi ya ƙi jinin rahamar Ubangijinsa. A cikin duhun kifi ya ce babu abin bauta wa sai Kai, tsarki ya tabbata gare Ka, lalle na kasance cikin azzalumai, kuma har yau wannan addu'a ce da muke yi a lokacin ƙunci. Suratu Yunus aya ta 98 ta ware mutanensa a matsayin alƙaryar da ta yi imani imaninta ya amfane ta, aka yaye mata azaba, Suratus Saffat kuma ta ce an aike shi ga mutum 100,000 ko fiye. Abin da Baba Fasto ya kawo yana da makamanci a wurinmu, domin a wasu ruwayoyin tafsiri an ce da ya ji an ɗauke azabar sai ya ce ba zai koma musu a matsayin maƙaryaci ba. Duk da haka Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana kowa ya ce shi ya fi Yunus ɗan Matta. Ina ganin wannan hanin yana da amfani ga duk mai karanta labarin, ko daga wane littafi, domin yana da sauƙi mutum ya zauna a gida ya raina wanda aka jarraba.

Fasto_Mai_Ritaya
Malam, maraba da kai, kuma mun gode da ladabin magana. A nan littattafanmu suka rabu, kuma gara a faɗa a fili: namu bai ɓoye cewa da Allah ya yi jayayya ba. Tsohon Alkawari ba ya jin kunyar nuna annabawa a ranar rauninsu. Iliya ma ya zauna a gindin itace a jeji ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19:4, sai dai shi don ya ga kamar aikinsa ya faɗi ne.

Manomi_Danjuma
Ni tambayata a kan tsiron nan ce da Allah ya tsirar ya yi masa inuwa a bukka, washegari tsutsa ta kashe shi. Wane irin tsiro ne yake girma a dare ɗaya? A ƙauyenmu wasu suna cewa duma ne, wasu kabewa.

Luka_Mai_Bincike
Sunansa a Ibrananci "ƙiƙayon", kuma a wannan sura kaɗai ya fito a Littafi Mai Tsarki duka. Masana da yawa suna ganin zurma ce, saboda faɗin ganyenta da saurin girmanta. Tsohuwar fassarar Helenanci ta ce duma, Alƙur'ani kuma ya ce "yaƙɗin", wanda ake fassarawa da dangin kabewa da duma. Gardamar ba ta yau ba ce. Da Jerom, wani malamin Kirista na da, ya fassara littafin zuwa Latin ya sauya duma da sunan wani tsiro mai hawa bango, Agustin, wani bishop na Arewacin Afirka, ya rubuta masa wasiƙa wajen shekara ta 403 bayan haihuwar Almasihu cewa a garin Oya, inda Tarabulus ta Libiya take a yau, jama'a sun ta da hayaniya a majami'a da suka ji sabuwar kalmar, har bishop ya koma wa tsohuwar don kada ya rasa ikilisiyarsa. Mutane sun yi rigima a kan tsiron, a cikin surar da take tsawata wa mutum don ya damu da tsiro fiye da mutane.

Manomi_Danjuma
To na gode. Amma a matsayina na manomi, abin da ya taɓa ni shi ne maganar da Allah ya yi masa cewa bai yi wahalar tsiron ba, bai kuma rene shi ba. Wanda ya yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai, shi ya san zafin ganin tsutsa a gona. Yunusa inuwa kawai ya sha, kuma wurin nan kaɗai ne a littafin duka aka ce ya yi murna ƙwarai. Allah kuwa yana magana ne kamar mai gona. Har dabbobi ya ƙidaya, da su aka rufe littafin. Shanun Nineba ba su je yaƙi ba.

Saratu_K
Ina tare da ƊanTsauni, kuma hujjata Littafin Nahum ne. Shi ma a kan Nineba yake, ya kira ta birnin jini, cike da ƙarya da ganima. Shi ma ya ɗauko Fitowa 34, amma ɓangaren da Yunusa ya ga kamar an manta: Ubangiji mai jinkirin fushi ne, amma ba zai kuɓutar da mai laifi ba. A shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu Babiloniyawa da Mediyawa suka rushe birnin. Tsakanin tuban da rushewar kuwa an ci Samariya, an ci Lakish. In an ce tuban muzuru suka yi, wa zai musa? Yunusa ya ga abin da ke zuwa, kuma mutanensa ne suka biya kuɗin wannan jinƙai.

Dattijo_Ishaya
'Yata Saratu, waɗanda suka sa tsummoki ba su ne suka ci Samariya ba, 'ya'yansu ne ko jikokinsu, kuma Ezekiyel 18 ya hana a kama uba da laifin ɗa. Amma bari in mai da ku ga ayar da Luka ya kawo, domin an karanta rabinta ne kawai. 2 Sarakuna 14:24 ta ce Yerobowam ya aikata mugunta a gaban Ubangiji, bai rabu da zunuban da aka sa Isra'ila ciki ba. Aya ta 25 ta ce duk da haka ya maido da iyakar ƙasar bisa ga maganar da Ubangiji ya faɗa ta bakin Yunusa. Aya ta 26 da ta 27 suka ba da dalili: Ubangiji ya ga wahalar Isra'ila mai tsanani ce, ba mai taimakonsu, sai ya cece su ta hannun wannan mugun sarki. Ku lura, Isra'ila ba ta yi azumi ba, ba ta sa tsummoki ba, Amos da Yusha'u suna ta kira a wannan zamani ba a saurare su ba, amma aka ji tausayinta, kuma Yunusa ne ya kai saƙon. Ba a rubuta cewa ya gudu Tarshish a ranar nan ba, ko ya ce ina gaskiya take. Ashe ba jinƙai ga masu laifi ne yake damunsa ba, ya taɓa ɗaukarsa a bakinsa ya kai wa waɗanda ko tuba ba su yi ba. Abin da ya kasa ɗauka shi ne jinƙan ya ƙetare iyaka. A nan nake ganin hujjarsa ta raunana, ko da yake ciwonsa na gaske ne.

Saratu_K
Baba, wannan ta shige ni, ban taɓa haɗa ayoyin haka ba. Amma har yanzu akwai bambanci tsakanin a ji tausayin mai zunubin da yake shan wahala da a ji tausayin wanda yake wahalar da shi.

Tsohon_Malami
Wani abu da zai ba ku mamaki: Kiristocin Iraƙi da Siriya, waɗanda da yawansu suke ɗaukar kansu zuriyar Assuriyawa, har yau suna azumin kwana 3 da suke kira Roƙon Mutanen Nineba, makonni kaɗan kafin babban azumin da ake yi gabanin Ista, kuma Kibɗawan Masar da ikilisiyar Habasha ma suna yinsa. Yahudawa kuwa suna karanta littafin duka, ayoyinsa 48, da yammacin Ranar Kafara. A watan Yulin 2014 mayaƙan ƙungiyar IS mai iƙirarin jihadi suka kori Kiristocin Mosul daga gidajensu, a ranar 24 ga watan kuma suka tarwatsa masallacin Annabi Yunus da ke kan tudun tsohuwar Nineba. Waɗanda ake kira jikokin masu zalunci su ne suka tsinci kansu a sansani irin na Gwaggo, suna fama da tambayar da Yunusa ya yi fama da ita game da kakanninsu.

Fasto_Mai_Ritaya
Abin da na fi lura da shi da na tsufa shi ne yadda Allah ya bi da shi. Bai kira shi mugu ba, bai tsige shi ba. Sau biyu ya tambaye shi ko daidai ne ya yi fushi. Karo na farko Yunusa bai ko amsa ba, ya tashi ya fita gari. Aka bi shi can da inuwa, sannan tsutsa, sannan iskar gabas mai ƙuna, kuma kalmar da aka yi amfani da ita wajen shirya kifi ita ce aka maimaita wa ukun nan. Karo na biyu ya amsa da cewa daidai ne, har ya kai ga mutuwa. Gari guda ya juyo da wa'azin yini ɗaya, mutum guda kuwa aka ba shi sura sukutum ana lallashinsa. Haka uban nan na Luka 15 ya bar biki ya fita waje wurin babban ɗansa da ya ƙi shiga. Yesu bai gaya mana ko ɗan ya shiga ba, kamar yadda ba a gaya mana amsar Yunusa ba. Gwaggo, ina ganin wanda ya bi Yunusa har bukka bai gaji da kwana ukunki na shiru ba.

ƊanTsauni
Na gode muku duka. Maganar Baba Ishaya ta rage mini ƙarfin gwiwar kare shi, amma ta Gwaggo ta hana ni komawa inda MamanRifkatu ta fara. Da yamma na karanta wa 'yata aya ta ƙarshe, na ce mata littafin ya ƙare da tambayar da Allah ya yi masa, ko bai kamata ya ji tausayin Nineba ba. Ta ce to wa ya ba da labarin abin da ya faru a cikin kifi da kuma a bukka, tun da shi kaɗai ne a wurin? Na ce mata wasu suna ganin shi ne ya ba da labarin da kansa, in kuwa haka ne, mutumin da ya yarda ya tona kansa haka wataƙila ya sauko. Ba ta gamsu ba, ta ce wataƙila kuma yana ba da labarin ne yana nan da fushinsa.

Gwaggo_Ladi
Ka gaida mini ita, tana da hankali. Baba Fasto, na ji maganarka. Na koma yin addu'a tun tuni, har nakan sa yaron nan a ciki wani lokaci, ba kullum ba. Ɗan da surukata ta haifa bayan rasuwar ubansa ya shiga makaranta, bana yana bukatar a ɗinka masa riga, kuma rumfar nan ce ta fi kusa da gidanmu. Na kai yadin wata unguwa.